Leshin Yaya Hajara a Ƙasar Sin

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da safiyar da aka kai mu yawon buɗe ido na rabin yini a ƙasar Sin. Rabin yini kawai aka ce, wuraren bauta na dā sannan abincin rana. Abin da na shuka a cikinsa kuwa har yau ina girbarsa a Gumel.

A ƙarshen shekarun saba'in ne, ina sabuwar malama a makarantar 'yan mata. Aka zo neman malamai mata da za su bi wata tawaga zuwa Sin su ga yadda ake koyar da yara a can, sai sunana ya fito. Ba ƙwarewa ce ta fito da shi ba. An ji labarin ina rubuta waƙa, tawagar kuma tana bukatar wadda za ta miƙe ta yi godiya da baki mai daɗi ranar ban kwana. Ni a lokacin irin 'yan matan nan ce da idan aka aike su ɗebo ruwa sai a tarar da su a bakin rijiya suna kallon gajimare a cikin guga.

Waƙa ba ta ba ni wahala ba, na rubuta ta tun kafin in ga ƙasar. Kayan da zan sa in karanta ta su ne matsala. Sai na hau mota na nufi Maigatari wajen yayata, Yaya Hajara, wadda mijinta ke kai shanu Ikko. A lefenta akwai wani leshi ruwan zuma, ɗinkin buba da zani, wanda duk danginmu sun san da zamansa amma ba wanda ya taɓa ganinsa a jikin mutum.

Ta fito da shi daga ƙasan akwati kamar mai ɗauko jariri, ta shafa cikinta da ya fara tsufa.

"Auta, kin san ko ni ban taɓa sa shi ba. Ranar suna nake jira."

"Yaya, rana ɗaya ce. Rabin rana ma."

"Na san ki fa. Kina tafiya kina kallon sama. Wallahi idan kika dawo min da shi da ɗigon miya, kada ma ki sauka a nan, ki zarce Damagaram ki nemi wasu dangin."

Na rantse mata da duk abin da ake rantsuwa da shi. Inna kuma, da na koma gida, ta cusa min kwalbar turaren wuta a jaka, irin haɗin da take yi da hannunta, ta ce kada in je garin mutane in zauna kamar buhun gero.

To, a nan aka fara samun tangarɗa. A masaukin da aka sauke mu babu garwashi. Na yi wa ma'aikaciyar ɗakinmu kwatance da hannu, ina hura iska ina nuna hayaƙi, ta gyaɗa kai ta tafi ta kawo min fulas na ruwan zafi. Washegari na sake kwatance, ta kawo min na biyu. Daga baya aka gaya min ba a kunna wuta a ɗakunan ko kaɗan. Haka na yi kwana da kwanaki ba turare, ga tafarnuwa a kowane abinci. Wadda ba ta tashi a gidan da ake turara ko tsumman goge kwano ba, ba za ta gane ba, amma ni ji nake kamar ina yawo ba ɗankwali.

Ranar ban kwana na sa leshin. Ya yi min kyau, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai ya daɗe a akwatin Yaya tare da ƙwayoyin kafur. Muna shiga bas, Malama Jummai, wata 'yar cikin birnin Kano da ta ɗauki tsokanata tamkar aikin da aka turo ta yi, ta ɗaga hanci.

"Ikon Allah. Wa ya taho mana da akwatin kakarsa?" Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "Au, 'yar Gumel ce. Aro ne ko gado?"

Aka yi dariya. Shugabar tawagarmu, Hajiya Kubura, dattijuwa mai tabarau da carbi, ta tsawatar, amma na ga ita ma ta ɗan buɗe taga duk da sanyin da ake yi. Na zauna a tsorace da kaina, ina shinshina kafaɗata a ɓoye.

Jagoranmu wani saurayi ne Basine, siriri, wanda ya koyi Hausa a jami'arsu har ya raɗa wa kansa suna Malam Sabo. Hausarsa ta littafi ce tsantsa, ba ya ƙare magana sai ya ɗora mata karin magana kamar marfi. Ya tsaya a gaban bas ya ce, "Iyayengijina, barkanku da hantsi. Yau za mu ga gine-ginen kakanninmu, domin gani ya kori ji. Bayan haka za mu ci abinci, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya."

Hajiya Kubura ta ɗaga yatsa ta yi mana namu jawabin. "Ku ji da kyau. Kallo ya kawo mu. Ba mu taɓa komai, ba mu rusuna wa komai, ba mu ware daga jama'a." (Cikin ukun nan, rusunawa ce kaɗai zan iya cewa ban yi ba, ita ma da gardama.)

Wurin na da kyau, kyau irin wanda ke sa mutum ya rage murya. Rufin ya lanƙwashe a kusurwoyi ya kalli sama kamar ƙahon bijimi. Ginshiƙai jajaye, kauri ya fi ƙarfin rungumar mutum biyu. A bakin ƙofa zakunan dutse ne masu gashi a nannaɗe kamar an yi musu kitso. Kowace ƙofa da dokinta mai tsayi, sai an ɗaga ƙafa an tsallake, ni kuwa kowane tsallake sai na tattare leshin Yaya da hannu biyu kamar mai ƙetare kogi. A ciki ga gumaka manya-manya, wasu a fusace, wasu ido a lumshe. Akwai wani ƙato mai tumbi yana ta dariya, Jummai ta raɗa min cewa sak sarkin fawan unguwarsu, har na yafe mata maganar bas na ɗan lokaci. Hajiya tana biye tana jan carbi da sauri, tana neman tsari ƙasa-ƙasa, amma ba abin da ya wuce ta ba ta leƙa ba.

A tsakar gidan akwai wasu manyan tukwane na tagulla, kowacce ta kai ni tsayi. Malam Sabo ya ce a cikinsu mutanen dā suke ƙona turare. Na yi ɗage na leƙa ɗaya, ba komai sai ruwan sama da busasshen ganye. "Yanzu wurin nan na tarihi ne," in ji shi. "Kallo kawai ake zuwa yi."

Ku riƙe wannan maganar, don ita ce hujjata, ba ni da wata.

Jama'a suka yi gaba. Ni na tsaya kallon wani ganye rawaya da ke faɗowa daga wata tsohuwar bishiya, yana juyi kamar bai yanke shawarar sauka ba, ina neman kalmar da ta dace da shi. Ina nan tsaye sai iska ta kawo min wani abu da na yi kewarsa fiye da tuwon Inna. Ƙamshin turaren wuta. Mai sanyi, mai ɗan zaƙi, kamar sandal amma ya fi shi kunya.

Hancina ya yi gaba, na bi shi. Na ratsa wata ƙofa zagayayya kamar bakin randa, na faɗa wani ɗan tsakar gida a bayan ginin. Ba gunki, ba kowa. Kujera 'yar tsuguno, butar shayi, shanyar tsumma a igiya. A ƙasa kuma, a gindin bango, ga ɗan kasko mai ƙafa uku, an soke 'yan tsinkayen turare a cikin tokarsa, hayaƙi na tashi siriri.

Ga yadda ƙwaƙwalwata, wadda ta ci jarrabawa da yabo, ta yi lissafi. An ce ba a bauta a nan. Wannan kuwa ɓangaren mata ne, ga shanya ga buta. A garinmu kuma duk gidan da ya san mutunci, idan baƙuwa ta zo ana ajiye mata kasko a gefe ta gyara jikinta ba tare da an sa mata ido ba. Har na ji Sinawa sun ƙara girma a idona. Na ce a raina, ashe tarbiyya ɗaya ce a ko'ina.

Na duba gabas, na duba yamma. Na ware ƙafafu na tsaya a kan kaskon, na saki zani ya rufe shi ruf, na ja mayafi na lulluɓe har kaina don kada hayaƙi ya tsere. Da na ji bai iso da ƙarfi ba, sai na ɗan rage tsawo. Na lumshe ido. Ɗumi ya hau ƙafafuna, ƙamshi ya fito ta wuyan buba, na ji kamar ina ɗakin Inna bayan la'asar. Har baiti ya fara zuwar min.

Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne, garwashinmu a ƙasan kasko yake kwanciya, nesa da tufafi. Nasu kuwa a kan tsinke wutar take, a tsaye, tana kallon sama.

Da farko ƙamshin ne ya canza, ya koma kamar an jefa takalmin roba a murhu. Ina cikin tunanin ko haɗin nasu ne haka, sai na ji ihu a bayana, kafin in waiga wani abu ya sauka a mazaunaina, fyaɗ! Na yaye mayafi. Wata 'yar tsohuwa ce, gajeriya, da tsintsiya mai dogon hannu, tana dukana tana ƙwala kira da yarensu. Na zabura zan gudu, ta bi ni tana ƙara min, sannan ta sunkuci butar shayin ta juye min ita daga ƙugu zuwa ƙasa. Sai a lokacin na gane ba faɗa take yi ba. Gobara take kashewa.

A daidai nan tawaga ta ɓullo ta zagayayyar ƙofar, Malam Sabo a gaba, hannunsa a ɗage yana tsakiyar bayani. Hannun ya tsaya a sama. Ga ni tsaye, ɗaurin ɗankwali ya karkace, ganyen shayi a manne a ƙwaurina, hayaƙi na fita ta wuyana da hannuwan buba kamar bukkar da aka hura wuta da ɗanyen ice a ciki.

"Innalillahi!" in ji Hajiya. "Ke! Me kika taɓa?"

"Hajiya, ban taɓa ba. Tsayawa na yi a kai."

Jummai ta zagaya bayana ta duba, ta riƙe baki, ta zame ta zauna a kan kujerar tsohuwar. Na juya zanin gaba na gani da idona. Leshi dama huji ne da huji, amma wannan hujin kan ɗan akuya zai shige ta cikinsa, gefensa baƙi ya ƙanƙance. Ban tuna gumaka ba, ban tuna mutuncin ƙasa ba. Fuskar Yaya Hajara na gani, da hanyar Damagaram.

Malam Sabo ya yi magana da tsohuwar, ya juyo a hankali. A karon farko ba karin magana. Ya ce ita ce mai sharar wurin. Turaren kuma na mijinta ne da ya rasu, ta daɗe ba ta samu damar kunna masa ba saboda hukuma ta hana, sai kwanan nan, shi ya sa har yanzu take yi a bayan gida ita kaɗai.

Na so ƙasa ta tsage. Hajiya ta dafe ƙirji. "Turaren mamaci! Kika shige da shi cikin zani! Yau sai kin yi wanka da sabulun salo, ki yi istigfari har mu sauka Kano."

Na durƙusa gaban tsohuwar, hawaye na zuba, na ce Malam Sabo ya gaya mata wallahi ban sani ba, a garinmu haka mata suke yi da turare. Ya fassara. Ta sa ya maimaita. Ta dubi kaskon, ta dube ni, ta ware ƙafafunta ta gwada tsayuwar da na yi. Sai ta fashe da dariya, bakin ba haƙori sai biyu, har tana dukan cinya. Ta faɗi wata magana, kunnuwan Malam Sabo suka yi ja.

"Me ta ce?" in ji Jummai.

"Ba shi da muhimmanci, Malama."

"Malam Sabo, amana aka ba ka. Fassara."

Ya kalli takalminsa. "Ta ce… marigayin yana son baƙi ƙwarai. Amma ko da yana raye bai taɓa samun ziyara irin wannan ba."

Ko Hajiya sai da carbinta ya faɗi.

Tsohuwar ta ja ni wani ɗan ɗaki, ta ba ni abin da take da shi, wato wandon aikinta, shuɗi, mai auduga a ciki kamar katifa, wanda ya tsaya min a tsakiyar ƙwauri. Ni kuma na lalubo kwalbar Inna a jaka na damƙa mata. Ta buɗe ta shinshina, ta rufe ta sa a aljihun ƙirjinta. Haka na fito: sama bubar leshi da ɗankwali irin na matar attajiri, ƙasa ma'aikacin kamfanin siminti.

A haka aka kai ni cin abinci. Gidan abincin na Musulmin Sin ne, mai gidan da farar hula ya tare mu da sallama, Hajiya ta amsa da fara'a, ta manta da ni na ɗan lokaci. Aka zaunar da mu a teburi zagayayye tare da manyan da suka karɓi baƙuncinmu. Na tura ƙafafuna can ƙarƙashi, na fara samun natsuwa. Sai ga ma'aikaci ya taho da wata tukunyar jan ƙarfe mai bututu a tsakiya, cike da garwashi jajir, hayaƙi na fita ta sama, ruwa na tafasa a kewaye. Ya dire ta a tsakiyar teburi, daidai gabana.

'Yan tawagarmu duk suka juyo suka kalle ni. Jummai ta kama hannuna gam.

"Hajiya, riƙe ɗaya hannun. An kawo mata wani kaskon."

Manyan baƙi suka ga malaman Najeriya sun kife a kan teburi suna shessheƙa, suka tambayi Malam Sabo ko lafiya. Ban san abin da ya gaya musu ba, Allah ya saka masa.

Abincin kuwa, gaskiya ban taɓa cin irinsa ba. Naman rago ne an yanka shi fale-fale har kana ganin yatsanka ta ciki. Za ka ɗauka da 'yan sanduna biyu, ka tsoma a tafasasshen ruwan, kafin ka ce bisimilla ya nuna, sai ka dangwala a wani kwaɓin riɗi mai gishiri da yaji. Riɗin ya tuna min da na Gagarawa, wanda Inna ke yi mana kantu da shi. Tun a jirgi na ƙudura ba zan ci komai ba ranar nan saboda leshin Yaya. Yanzu da ba sauran abin karewa, na zage. Rabin naman ya suɓuce daga sandunan ya faɗa kan wandon tsohuwa, ban ko kalle shi ba.

Sannan lokacin waƙa ya yi. Na miƙe da wandona. Na karanta yabon duwatsu da koguna da ban gani ba, Malam Sabo yana fassarawa, har na iso baitin ƙarshe, wanda na rubuta a Gumel ina jin ba wanda ya kai ni:

Na zo ƙasarku baƙuwa cikin sanyi,
Zan koma gida da ɗuminku a jikina.

Sinawa suka yi tafi sosai. Namu kuwa ba wanda ya iya ɗaga kai. Mai ɗaukar hoto ya ɗauka, kuma bai tsaya a ƙugu ba.

Da na dawo, sai da na yi kwanaki ina kewaye-kewaye kafin in hau motar Maigatari. Na tarar da Yaya Hajara a tabarma, ciki ya yi gaba. Na ajiye tsarabar kofunan tangaran da mafici, na ajiye ƙullin leshin a ƙarshe, na koma kusa da ƙofa. Ta warware. Ta ɗaga zanin sama, ta kalle ni ta cikin hujin.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Na ce ɗigon miya."

"Babu miya ko kaɗan, Yaya. Ki duba."

Ta jefe ni da maficin. Na ba ta labari tun daga fulas har tsintsiya, ina kuka. Tana ɗaure da fuska har muka zo kan maganar marigayi, a nan ta riƙe ciki tana cewa in yi shiru kada in sa ta haihu yau. Da ta lafa sai ta share ido, ta shafa bakin hujin da yatsa. Wannan shafar ta fi min tsintsiyar zafi. Ta kai zanin hanci.

"Amma dai turaren nasu yana kama jiki," ta ce. "Kin taho min da shi?"

Ba ta kore ni Damagaram ba, amma ba ta yafe kyauta ba. Tela ya yanke inda ya ƙone, abin da ya rage ya fitar da ɗankwali da 'yar rigar jaririya. Ranar suna Yaya ta sa bubar da wani zanin daban, wanda ba shi ta yi shekaru tana mafarki ba. Ni kuma hukuncina shi ne in sa wandon tsohuwa, in tsaya a tsakar gida gaban matan Maigatari da na Gumel da 'yan uwan mijinta da suka zo daga Sule Tankarkar, in nuna yadda na tsaya, har da rage tsawon. Sai da aka sa na maimaita saboda waɗanda suka zo a makare.

Jaririyar nan yanzu tana da jikoki, amma har gobe idan na shiga gidan biki aka zagayo da kasko, sai wata ta ɗaga murya ta ce a matsar da shi daga kusa da Malama. Na daina jin haushi. Abin da na koya dai shi ne, duk inda kika ga hayaƙi mai ƙamshi, kafin ki ware ƙafa ki tambayi wa aka kunna wa. Idan kuma kayan aro ne a jikinki, ki haƙura da warin kafur, bai taɓa huda zanin kowa ba.